Yadda Za Ka Zaɓi Gatarin Ƙanƙara Da Ya Dace Da Dutsen Da Za Ka Hau

Wanda ya shiga shagon kayan hawan dutse a garin Chamonix na Faransa zai tarar da gatura rataye a bango, tun daga dogo miƙaƙƙe da ake dogarawa, har zuwa gajere mai lanƙwasa wanda ƙotarsa ke da mariƙi biyu. Idon sabon shiga yakan tsaya a kan na ƙarshen nan, domin shi ya saba gani a hannun gwanaye cikin hotuna, suna rataye a jikin ruwan da ya daskare. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, wasu ma su jefa kansu cikin haɗari. Lanƙwasar da ke taimakon mai hawan bangon ƙanƙara tsayayye, ita ce dai ke zame wa mutum matsala a gangaren dusar ƙanƙara, ranar da santsi ya ɗebe shi yana neman abin da zai tsayar da shi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san sassan gatarin. A kansa akwai baki, wato ƙarfen nan mai tsini da haƙora da ake kafawa a ƙanƙara. A bayan kan akwai ko dai gizago ko guduma. Sai ƙota, sannan a gindinta tsinin ƙarfe da ake cakawa a dusar ƙanƙara. Gatura na hawa mai tsanani suna da ƙarin mariƙi da matokarar yatsa a ƙasan ƙotar.

Mataki na farko: rubuta wuraren da za ka je da gaske

Ɗauki takarda ka rubuta duwatsun da kake da niyya da halin zuwa cikin shekaru biyu masu zuwa. Ban da na mafarki. Jerin nan shi zai yanke maka rabin hukunci, domin aikin ya kasu uku.

Na farko tafiya ce a kan dusar ƙanƙara da daskararrun koguna na kan tsauni, inda gangara ba ta cika wuce digiri 40 ko 45 ba. Hawan Toubkal na Maroko a lokacin sanyi, mai tsayin mita 4,167, yana cikin wannan rukuni. Haka ma hanyar Goûter da galibin mutane ke bi zuwa ƙololuwar Mont Blanc. A tsarin auna wahalar hanya na Faransa, waɗannan su ne masu alamar F da PD, wato mai sauƙi da mai ɗan wahala. Gatari guda ake riƙewa a nan, kuma aikinsa dogarawa, da sassaƙa matakala idan ta kama, da tsayar da kai in ka zame.

Na biyu hawan tsauni ne mai gauraye: kwazazzabai masu tsayuwar digiri 50 zuwa 70, fuskokin arewa na tsaunukan Alps, da hanyoyin hunturu na Ben Nevis a Sikotland. A rana guda za ka taka dusa mai laushi, ka sari ƙanƙara mai tauri, ka saƙala baki a tsagar dutse. Gatari biyu ake so, kuma dole kowanne ya iya caka da sara.

Na uku hawan ruwan da ya daskare ne, irin na Rjukan a Norwe, ko Cogne a Italiya, ko Ouray a jihar Colorado ta Amurka. Ana auna shi da haruffan WI da lamba. WI3 gangara ce mai wuraren hutawa, WI4 ta kusa tsayuwa, daga WI5 kuwa bango ne sosai wanda hannu ke ɗaukar nauyi na dogon lokaci. Hawan dutse da gatari, tsurarsa ko haɗe da ƙanƙara, wanda ake auna shi da harafin D ko M, ɗan gidan nan ne.

Idan jerinka ya cika da rukuni na farko, sayi gatarin tafiya guda ɗaya mai kyau, ka ajiye sauran kuɗin don takalmi da darasi. In ya haɗa na biyu da na uku, ci gaba da karatu a tsanake, domin a nan zaɓin ke da wuya.

Mataki na biyu: siffar ƙota

Har zuwa shekarun 1960, masu hawa sassaƙa matakala suke yi a ƙanƙara da dogon gatari mai ƙotar itace, taki bayan taki. Kwazazzabon Point Five na Ben Nevis, da aka fara hawa a 1959, kwanaki ya ci wa mutanen farko. Yau ƙwararru biyu kan gama shi cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya kawo sauyin shi ne kusurwar baki. A 1966 Yvon Chouinard ya sa masana'antar Charlet ta ƙera masa gajeren gatari mai lanƙwasasshen baki da ke bin zagayen saran hannu, a 1970 kuma Hamish MacInnes na Sikotland ya fito da Terrordactyl, ɗan gajeren gatari na ƙarfe zalla mai baki a sunkuye. Daga nan mutum ya iya kafa gatari sama da kansa ya rataya a jiki. Sai dai miƙaƙƙiyar ƙota tana buga gaɓoɓin yatsu a ƙanƙara, masu Terrordactyl sun sha kumburin hannu, shi ya sa daga baya aka shiga lanƙwasa ƙotar.

Miƙaƙƙiyar ƙota, ko mai ɗan lanƙwasa kusa da kai, tana nutsewa sumul a dusa. Ana iya binne ta a kwance a ɗaura igiya a tsakiyarta ta zama turke. Petzl Summit, Black Diamond Raven, Grivel Air Tech da DMM Cirque duk na wannan aiki ne.

Ƙota mai matsakaiciyar lanƙwasa, mai mariƙi ɗaya da tsini a gindi, ita ce ta tsakiya: Petzl Quark, Black Diamond Viper, Grivel North Machine, DMM Apex, da Cassin X-All Mountain. Lanƙwasar tana nisanta yatsu daga ƙanƙara, tana kuma ba ka damar kai baki bayan kumburin ƙanƙara ba tare da ƙotar ta tokare ba. Duk da haka tana caka a dusa gwargwado, musamman irin wadda matokarar yatsarta ke naɗewa ko cirewa.

Sai masu mariƙi a karkace, kamar Petzl Nomic da Ergonomic, Cassin X-Dream, da Grivel Tech Machine. An janye mariƙin baya daga layin ƙota, don haka idan ka rataya, wuyan hannunka yana zama a miƙe, yatsu ba sa matsewa da ƙarfi, damtse kuma ba ya saurin ƙagewa. Mariƙi na biyu da ke sama yana ba ka damar sauya hannu a kan gatari guda. A bango tsayayye babu kamarsu. Amma gwada caka ɗaya a dusa mai tauri, za ka ga mariƙin ya hana shi shiga. A gangara mai sauƙi ma saransa kan zo a baibai, saboda an tsara kusurwar bakin don bango, sai kan gatarin ya riga tsinin isa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda zai sayi gatura biyu kacal, yana son ya taɓa tsauni ya kuma taɓa daskararren ruwa har zuwa WI4, ya ɗauki na tsakiya. Wanda ya tabbata cewa kwazazzaban ruwa kawai zai riƙa zuwa, kusa da hanyar mota, kada ya ɓata lokaci, ya sayi mai mariƙi a karkace tun farko. Akwai masu cewa irin wannan gatari ya fi ƙarfin sabon shiga. Ban yarda ba. Sabon shiga shi ya fi kowa matse mariƙi saboda tsoro, shi kuma ya fi buƙatar abin da zai sassauta masa hannu.

Akwai wani rukuni ɗan ƙarami da ya cancanci ambato, irin Petzl Sum'Tec da Black Diamond Venom: ƙota kusan miƙaƙƙiya, baki irin na hawa mai tsanani, da matokarar yatsa mai zamewa sama da ƙasa. Sun dace da hanya mai doguwar tafiya wadda ke da ɗan gajeren wuri mai tsayuwa.

Mataki na uku: tsawo

Gaturan hawa mai tsanani kusan duk santimita 50 ne, babu abin zaɓa. Gatarin tafiya ne ke da tsayi daban-daban. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ka sa takalmin hawa, ka riƙe kan gatarin, ka saki hannu a gefenka, tsinin ya kai idon sawu. Yau jagorori da yawa sun fi son wanda ya ɗan gaza haka, tsakanin santimita 50 da 60 ga mai matsakaicin tsayi. Dalili shi ne ana riƙe gatari ta ɓangaren tudu, inda ƙasa ta fi kusa da hannu. In ya yi tsawo, kowace caka sai ka ɗaga kafaɗa, kuma wajen tsayar da kai tsinin gindin yana iya kama dusa ya juya ka. A fili mai shimfiɗa, sandar tafiya ta fi gatari amfani.

Mataki na huɗu: baki

Wannan shi ne wurin da gatari ke haɗuwa da dutsen, don haka a dakata a kansa.

Baki iri biyu ne. Na gargajiya yana lanƙwasa ƙasa a hankali. Idan ka faɗi ka danna shi a dusa da ƙirjinka, yana shiga sannu a hankali yana rage gudu. Ɗaya kuma, wanda kamfanin Simond ya yaɗa da gatarinsa Chacal, yana sunkuyawa ƙasa sosai sannan tsininsa ya ɗan ɗago. Wannan yana kama ƙanƙara da kyau, yana kuma fita da sauƙi in ka ɗaga ƙotar sama. Illarsa a gangaren dusa ita ce yana cafka farat ɗaya, har ya iya fizge gatarin daga hannun mai zamewa.

Sai kauri. Bakin da aka yi don ƙanƙara zalla siriri ne, kimanin milimita 3 a tsini. Siririn baki yana ture ƙanƙara kaɗan, saboda haka ba ya yawan farfasa ta. Wanda ya taɓa sara a ranar tsananin sanyi, ya ga faffaɗan ɓallin ƙanƙara ya ɓalle ya nufo fuskarsa, ya san darajar wannan. Bakin hawan dutse da gauraye yana kai milimita 4, haƙoransa sun fi girma, akwai wasu ma a saman kai don tokarawa a ƙarƙashin dutse. Yana jure murɗawa a cikin tsaga, abin da masu hawan hunturu a Sikotland ke yi kullum, amma a tsantsar ƙanƙara yana fasawa, yana kuma maƙalewa.

Saboda haka, ga hawa mai tsanani, ka nemi gatarin da ake kwance bakinsa da noti. Baki abu ne mai cinyewa. Gatari mai kyau zai ga baki da yawa a rayuwarsa. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko ana samun bakin canji na wannan samfurin, da nawa yake, domin galibi bakin wani kamfani ba ya hawa kan gatarin wani. Wannan tambaya ta fi launin ƙota da sunan da ke jikinta muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: duba alamar ƙarfi

Gatarin kirki yana ɗauke da shaidar ma'aunin Turai EN 13089, sau da yawa tare da UIAA 152 na ƙungiyar masu hawan tsauni ta duniya. Ma'aunin ya raba gatura biyu. Nau'i na 1, wanda a da ake sa wa harafin B, na dusa da ƙanƙara ne. Nau'i na 2, mai harafin T a cikin da'ira, an gwada shi da nauyi mafi yawa, don ya jure murɗawa da rataya a dutse. Ana gwada ƙota daban, baki daban, don haka kana iya ganin ƙota mai T ɗauke da siririn baki na nau'i na 1. Ba laifi ba ne, an sirantar da shi ne don ya shiga ƙanƙara. Abin kiyayewa kawai, kada a cusa irin wannan baki a tsagar dutse a murɗa.

Gatarin da babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, kome arharsa a kasuwar intanet, a bar shi. Ranka za ka rataya a jikinsa.

Mataki na shida: gizago ko guduma

Ga gatarin tafiya, gizago. Da shi ake sassaƙa wurin taka ƙafa, a share ruɓaɓɓiyar ƙanƙara kafin a ɗaura sukuru (ƙarfen da ake murɗawa cikin ƙanƙara don saƙala igiya), a haƙa ramin binne gatari. Ga gatura biyu na tsauni, al'ada ita ce ɗaya gizago ɗaya guduma, gudumar don buga turakun ƙarfe a tsaga. A daskararren ruwa mai tsayuwa kuwa, cire gizagon. Idan baki ya kuɓuce alhali kana ja, kan gatarin fuskarka yake nufowa, kuma gara guduma ko kai marar komai ya same ka da kaifin gizago.

Mataki na bakwai: nauyi da sara, da yadda ya zauna a hannu

Gaturan hawa mai tsanani galibi suna tsakanin giram 500 da 700. Quark yana wajen 550, Nomic kuma 585. Amma lambar da ke kan sikeli ba ta faɗin komai game da inda nauyin ya taru. Duk wanda ya yi noma ya san fartanya biyu na iya zama nauyi ɗaya, ɗaya ta shiga ƙasa da kanta, ɗaya kuma sai an bi ta da ƙarfi. Gatarin da nauyinsa ke kai yana shiga ƙanƙara mai tauri da sara ɗaya ko biyu. Marar nauyin kai yana dawowa, sai ka yi ta maimaitawa har hannu ya mutu. Shi ya sa wasu samfura ke zuwa da 'yan ƙarafa da ake ɗaurawa a baki: a sa su ranar ƙanƙara mai tauri, a cire ranar hawan dutse.

Akwai gatura marasa nauyi ƙwarai, wasu giram 200 zuwa 300, kamar CAMP Corsa da Petzl Gully. Masu kan alminiyom a cikinsu an yi su ne don masu wasan zamiya a kan dusa da ke ɗaukar gatari saboda ko-ta-kwana. A ƙanƙara mai tauri ba sa cizo. Kada ya zama shi ne gatarinka na farko. Ƙotar zaren kabon kuma tana rage girgiza, ba ta kuma sanyaya hannu kamar alminiyom, sai dai tsada, kuma lahaninta na iya ɓoyewa a ciki bayan ta bugu da dutse.

Yanzu gwaji. Tafi shago da safar hannun da za ka hau da ita, ba hannu tsirara ba. Riƙe mariƙin, ka duba ko ƙaramin yatsanka ya zauna a matokara ba tare da matsi ba. Mariƙin da ya matse yana hana jini gudu, yatsu su yi sanyi da wuri. Wanda ya yi faɗi kuma yana sa ka damƙa da ƙarfi. Masu ƙananan hannu, mata da yawa a ciki, su nemi samfurin da ake daidaita girman mariƙinsa. Idan shagon yana da gungumen gwaji, yi sara daga gwiwar hannu, ka ƙarasa da karyawar wuyan hannu, ka ji ko tsinin yana sauka inda idonka ya nufa.

Mafi kyau duka shi ne gwaji a ƙanƙarar gaske. Jagororin da ke koyar da hawa yawanci suna ba da aron kaya, kuma a bikin hawan ƙanƙara da ake yi a Ouray kowane Janairu kamfanoni kan bayar da gatura a gwada. Yi hawa da iri biyu ko uku a hanya ɗaya, a rana ɗaya. Hannunka zai faɗa maka abin da talla ba za ta faɗa ba.

Mataki na takwas: igiyar riƙo

A da ana ɗaure gatari a wuyan hannu da madauri, mai hawa ya rataya a kai. Yau mafi yawan masu hawan ƙanƙara mai tsayuwa sun bar wannan, domin hannu a sake ya fi sauƙin ɗaura sukuru, da sauya hannu, da girgiza damtse don jini ya dawo. A doguwar hanya, inda faɗuwar gatari ke nufin ka maƙale a tsakiyar dutse, ana amfani da igiya mai talewa da ke haɗa gindin gatura biyu da ɗamarar hawa. A kula sosai: an yi ta ne don kada gatari ya faɗi, ba don ta tare faɗuwar mutum ba. Tabbatar cewa gatarin da za ka saya yana da ramin saƙala ta a gindi.

Na hannu, da kulawa bayan saye

Gatura suna da tsada, kuma na hannu mai kyau ba abin ƙi ba ne, in dai ka gan shi da idonka. Miƙa ƙotar ka hango ta daga gindi zuwa kai, ko ta karkace ko ta loɓa. Kama kan ka girgiza, kada ka ji motsi ko kaɗan tsakaninsa da ƙota. Duba bakin a wuri mai haske, musamman tsakanin haƙoran farko da kewayen ramukan noti, inda tsaga ke farawa. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, ana gogewa. Tsaga kuwa, ko siririya ce kamar gashi, ta kashe bakin. Idan samfurin tsoho ne da aka daina yi wa bakin canji, arharsa ba ta da amfani.

Wasa baki da magagari ake yi, da hannu. Injin wasa wuƙa yana zafafa ƙarfen ya kashe taurinsa. Bi siffar da masana'anta ta ba shi, ka riƙa turawa gefe guda, kaɗan-kaɗan, kana daidaita ɓangarorin biyu. Idan wasa ya cinye har haƙorin farko ya kusa ɓacewa, lokacin canji ya yi. Kafin kowace fita ka gwada notunan kai, ka kuma sa makullinsu a jaka. Bayan dawowa shanya gatarin ya bushe kafin ka mayar masa da murfin roba, in ba haka ba danshi zai zauna a ciki. A jirgin sama kuma cikin babbar jakar da ake aunawa yake tafiya, da baki da tsini a rufe, ba a shiga da shi a hannu.

Ranar farko da gatarin tafiya ya zo hannunka, nemi ƙwararren jagora, mai shaidar IFMGA, wato ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, idan a Alps ne, ya kai ka gajeren gangare wanda ƙarshensa shimfiɗaɗɗen fili ne babu duwatsu. Sa hular kwano, ka cire ƙayoyin ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi don kada su kama dusa su karya maka ƙafa. Ka koyi tsayar da kanka ta fuska huɗu: a rigingine da rubda ciki, ƙafa a gaba da kuma kai a gaba. Hannu ɗaya a kan gatari kusa da kafaɗa, ɗaya a gindin ƙota kusa da ƙugu, ƙirji ya danne ƙotar, kuma ka maimaita da hagu kamar yadda ka yi da dama.